Filin Tambaya da Amsa: Rubuta Tarihin Dattijon da Ya Rayu Tsakanin Gida da Daji

Tambaya

Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Kakana na wajen uba ya rasu a farkon wannan shekara, bayan doguwar rayuwar da ya yi ta duka a karkara. Noma yake yi da damina, idan an kawar da amfanin gona kuma ya saɓi bindigarsa ya shiga daji, ko ya ɗauki komarsa ya nufi kogi, haka yake har ƙarfinsa ya ƙare. Ya bar kakarmu da 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne masu yawa. Dangi sun ɗora mini nauyin rubuta ɗan littafin tarihinsa da za a raba wa zuriya, amma na fara na tsaya. Duk wanda na tambaya sai ya ce mini mutumin kirki ne mai haƙuri da riƙon zumunci, daga nan ba ya ƙara komai. Baffannina sun ce shekarunsa 115, gwaggona ta ce bai kai 100 ba, kuma babu takardar haihuwa. Wasu daga labaran farautarsa suna da wuyar gaskatawa. Babban baffanmu ya gargaɗe ni kada in kuskura in rubuta cewa yana da zafin rai, ko cewa yakan bar gida na makonni. Ga kuma kayansa a ɗaki: bindiga, kwari da baka, fatu, 'yan hotuna, da kaset guda da aka taɓa ɗaukar muryarsa. Ta ina zan kama?

Daga wata jika mai neman shawara

Amsa

'Yata, Allah ya jiƙan kakanki da rahama, ya kyautata makwancinsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinsa. Abin da ya tsayar da ke shi ne kin zauna rubutu tun ba ki tara abin rubutawa ba, kuma wannan yana da magani.

Zan fara da abin da kika sa a ƙarshen wasiƙarki, domin shi kaɗai ne ba ya jiran gobe. Maharba da yawa suna ajiye bindiga a ɗure, musamman irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma albarushin da bai sha ruwa ba yana iya shekaru masu yawa bai mutu ba, ta yadda bindigar da ta yi tsatsa a jikin bango za ta iya tashi a hannun yaron da ya ɗauke ta da wasa. Haka ma kibau: idan an taɓa shafa musu dafi, kada a ɗauka tsufa ya kashe shi. A kulle ɗakin, a nemo maharbin da ya san irin wannan bindiga ya duba ta, kada wani ya ce zai gwada kunamarta. A ƙasashe da dama lasisin riƙe bindiga na mutum ɗaya ne, ba ya bin gado, saboda haka ya kamata wani babba a gidan ya je wurin hukuma ya ji abin da doka ta tanada. Fatu da ƙahoni kuma kada a yi saurin sayar da su, domin tun daga yarjejeniyar ƙasashen duniya mai suna CITES da aka sanya wa hannu a 1973 aka ƙuntata cinikin sassan jikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, damisa na cikinsu, kuma ƙasashe da yawa suna da nasu dokokin na cikin gida. Dukan kayan nan haƙƙin magada ne. Naki shi ne ki ɗauki hoton kowanne, ki rubuta sunansa da aikinsa.

Abin da ke bi masa wajen gaggawa shi ne mutanen da suka yi zamani da shi, domin takarda tana iya jira, su kuwa babu mai tabbacin kaiwa baɗi. Mutum irin kakanki rayuwa biyu ya yi a jiki ɗaya, kuma da wuya ki sami wanda ya ga dukansu. Mutanen gida sun san fitarsa da asuba da dawowarsa, sun san abin da ya kawo da ranar da ya dawo hannu wofi, amma ba su taɓa ganinsa a gindin itace yana dakon dabba daga hantsi har la'asar ba tare da ya motsa ba. Abokan dajinsa kuwa sun san jarumtarsa da tsoronsa, sun san ko mai rabawa ne ko mai ɓoyewa, amma ba su san yadda yake kwana a zaune idan yaro ba shi da lafiya ba. Idan kika tsaya a kan baffanninki kaɗai, abin da za ki samu kaɗan ne, domin ɗa yana sanin uba ne a matsayin mai umarni, ba a matsayin aboki ko miji ba. Ki fara da kakarki, wadda ta fi kowa daɗewa da shi, kuma ita ce aka fi mantawa a irin wannan aiki saboda ana ganin ai kullum tana nan. Daga ita sai 'yan'uwansa mata idan akwai masu rai, sai wanda ya fi daɗewa yana bin sa daji, ko yaron da ya koya wa ɗana tarko wanda shi ma yanzu ya yi furfura, sai maƙwabcin gonarsa da suka shekara suna raba iyaka. Kada ki tsallake wanda suka taɓa saɓawa da shi. Sau da yawa shi ne ya fi kowa lura da halinsa.

Amsar da ake ta ba ki, wai mutumin kirki ne mai haƙuri, tambayarki ce ta haife ta. Duk wanda aka ce ya faɗi halin mamaci, yabon da ya saba ji ana yi wa kowane mamaci shi zai maimaita. Ki bar tambayar hali, ki tambayi abin da ya faru a wata rana takamaimai. Ki ce wa kakarki: Kaka, ranar da aka haifi babban baffa, yana gida ko yana daji? Idan ya dawo, me yake fara yi, wa yake fara kira, ina yake rataye burgaminsa? Shekarar da gona ta ƙi, da me aka riƙe gidan? Kin taɓa ganin hawayensa? Haƙurin da ake faɗa zai fito daga waɗannan amsoshi da kamanninsa, kuma mai karatu zai gane shi ba tare da kin rubuta kalmar ba.

Kayansa ma suna buɗe baki fiye da tambaya. Miƙa komarsa ga abokinsa na kamun kifi ba tare da kin ce komai ba. Za ki ga ya baza ta a cinya, ya bi ta da yatsu har ya kai wurin da aka taɓa gyarawa, ya tsaya, ya ce wannan ƙulli nasa ne, babu mai ƙulla shi haka. Daga nan labarin ranar da ta yage zai zo da kansa. Ilimin irin waɗannan mutane a hannu da ƙafa yake zaune, shi ya sa ba ya fitowa a zaman ɗaki. Roƙi wanda ya koyi farauta a wurinsa ya kai ki bakin ruwa da sassafe ya nuna miki sawu: wanda gefensa ke da kaifi sabo ne, wanda gefensa ya zube ko tururuwa ta ratsa ta kansa ya daɗe. Ya nuna miki yadda ake sakin ƙura daga tsakanin yatsu a ga inda iska ta nufa, domin yawancin namun daji suna jin warin mutum tun kafin su gan shi, wanda ya sa maharbi ke zagayowa ya tunkare su yana fuskantar iska. Ki tambaye shi taurarin da kakanki ke dubawa ya san dare ya raba, da kukan tsuntsun da yake sa shi tsayawa cak, da sunayen da ya sa wa fadamu da duwatsu da gurabun kogi. Waɗannan sunaye su ne suka fi saurin ɓacewa, domin ba sa kan kowace taswira, kuma ina ganin shafi guda da aka zana hanyoyinsa da sunayen wuraren ya fi shafi goma na yabo daraja.

Ki riƙa ganin mutane ɗai-ɗai. Idan an taru, babba ne zai yi magana, saura su gyaɗa kai, kuma labarin mai ƙarfin murya shi zai zama na kowa. Ki kuma kiyayi sa wa mutum amsa a baki. A 1974 masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai hoton bidiyo na haɗarin mota, suka tambayi wasu gudun da motocin ke yi lokacin da suka bugi juna, wasu kuma lokacin da suka yi raga-raga da juna. Bayan mako guda, 16 daga cikin 50 na rukuni na biyu suka ce sun ga fasassun gilasai, alhali 7 ne kawai daga 50 na rukunin farko suka faɗi haka, kuma babu gilashin da ya fashe a hoton. Idan kika ce wa tsoho, "An ce shi kaɗai ya tare ɓaunar, ko?" zai ce miki haka ne, kuma gobe shi kansa zai yarda haka aka yi. Ki ce masa, "Baba, su wa ke wurin a ranar?" sannan ki yi shiru. Shirun zai yi miki tsawo, amma ki daure, domin abin da ke zuwa bayansa yakan fi abin da aka fara faɗa. Ki nemi izini ki ɗauki murya da wayarki, ki faɗi kwanan wata da sunan mai magana a farkon kowace ɗauka.

Akwai wani giɓi da za ki tarar, gara ki san da shi tun yanzu. Masu binciken tunanin tsofaffi, irin su David Rubin da abokan aikinsa tun a shekarun 1980, sun lura cewa abubuwan da dattijo ya fi tunawa su ne na tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa. Saboda haka sa'o'in kakanki za su cika miki kunne da labaran ƙuruciya da farkon farauta da aure, amma shekarun tsakiya, lokacin da yake ciyar da gida cike da yara yana aurar da wasu yana binne wasu, za su zo a dunƙule kamar babu abin da ya faru a cikinsu. A nan baffanninki da gwaggonninki za su yi miki rana, domin shekarun tsakiyarsa su ne ƙuruciyarsu. Shekarunsa na ƙarshe kuma ku jikoki ne shaidunsu, har da ke, don haka kada ki cire kanki daga masu ba da labari.

Yanzu ga gardamar shekaru. Ba na son in shiga tsakanin baffa da gwaggo, amma lissafi ya fi karkata wajen gwaggonki. Namijin da ya fi kowa daɗewa a duniya cikin waɗanda aka tabbatar da shekarunsu da takardu shi ne Jiroemon Kimura na ƙasar Japan, wanda aka haifa a 1897 ya rasu a 2013 yana da shekara 116. A mata kuwa Jeanne Calment ta Faransa ce, wadda ta rasu a 1997 tana da 122. Namiji mai 115 abu ne da ba a cika samu ba a faɗin duniya. Masu ƙidayar jama'a sun daɗe da sanin cewa inda babu rajistar haihuwa mutane suna karkata ga lambobin da suka ƙare da 0 ko 5, kuma da zarar mutum ya tsufa sai iyalinsa su riƙa yi masa ƙari, ba da nufin ƙarya ba, sai don girmamawa. Akwai kuma bambancin kalanda: shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka mai shekara 100 a lissafin Hijira yana da kusan 97 ne a lissafin Miladiyya. Ki tambayi kowanne da wane lissafi yake magana, mai yiwuwa wani ɓangare na saɓanin ya warware a nan.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ki taso daga wanda ake da tabbacin shekarunsa. A misali, idan babban baffa yana da 72, kuma kakarki ta ce kakanku saurayi ne mai kimanin 25 lokacin da aka haife shi, kin sami 97. Kafin ya kai 115 sai ya zamana yana da 43 a lokacin, abin da ita za ta sani idan haka ne. Sai ki gwada wannan da manyan abubuwan da ya riƙa ambata. Yaƙin duniya na biyu ya gudana daga 1939 zuwa 1945: yaro ne shi a lokacin, ko ya riga ya fara riƙe fartanya? Idan yana ba da labarin ranar da rana ta yi husufi gari ya yi duhu, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta wallafa jerin husufin ƙarnoni da taswirar inda kowanne ya ratsa, kuma za ki iya gano shekarar. Idan tauraruwa mai wutsiya ce, ki yi hankali, domin ta Halley ta bayyana a 1910 da 1986, amma an ga wasu masu haske a 1965 da 1997. Fari ko ambaliya ko annobar da kowa a yankin ya san shekararta ita ma ma'auni ce. A ƙarshe ki rubuta abin da kika iya tsayawa a kansa, kamar "an haife shi tsakanin shekara kaza da kaza", ki kuma ƙara da cewa a cikin dangi ana cewa ya kai 115. Babu wanda kika ƙaryata, kuma wanda zai karanta nan da shekara 50 ba zai ruɗe ba.

Game da labaran da kike shakka, shawarata ta bambanta da wadda na bayar kan shekaru: kada ki yi gaggawar kiran su ƙari. Gaskiya ne dabba tana ƙara girma duk lokacin da aka sake ba da labarinta, amma gaskiya ne kuma dajin da kakanki ya shiga yana saurayi ba shi ne wanda kika sani ba. Masanin harkar kifi Daniel Pauly ya yi bayani a 1995 cewa kowane zamani yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin yadda duniya take tun asali, don haka ba ya ganin yawan abin da aka rasa kafin zuwansa. Wata mai bincike, Loren McClenachan, ta auna wannan da hotunan da masu kamun kifi suka ɗauka da manyan kamunsu a Key West ta jihar Florida a Amurka daga 1956 zuwa 2007, ta tarar matsakaicin nauyin kifin ya faɗo daga kilo 19.9 zuwa kilo 2.3. Rahoton ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, na 2024 kuma ya nuna cewa tsakanin 1970 da 2020 yawan dabbobin da ake bibiya ya ragu da kashi 73 cikin 100 a matsakaici, na ruwan koguna da tafkuna kuwa da kashi 85. Saboda haka idan aka ce ya taɓa kama kifin da sai mutum biyu suka ɗauka, ko ya ga garken barewa da ido ba ya ƙirgawa a inda yau gonaki ne, mai yiwuwa abin da ya gani ke nan. Shaidarsa ma tana da amfani ga wanda ba danginku ba, domin a wurare da yawa babu wani rubutaccen bayani kan abin da ke cikin daji a wancan zamani sai abin da ya rage a bakin irinsa.

Dabarar rubuta irin wannan labari ita ce ki jingina shi ga mai shi. Ki ce, "Abokinsa da ke tare da shi a ranar ya ba ni labari cewa…", ki kawo shi da kalmomin mai faɗa, kada ki gyara masa harshe ya koma na makaranta. Idan mutum biyu sun ba da shi ta fuska biyu, ki kawo duka. Saɓanin kansa yana da daɗin karatu. Ki bambanta abin da mutum ya gani da idonsa da abin da ya ji an ce. Kuma ki tuna cewa wasu dabbobin da ya harba a da yanzu doka ta kare su, don haka ki rubuta abin a matsayin tarihin zamaninsa, ba kira ga jikoki su kwaikwaya ba.

Sai maganar babban baffanku, kuma a nan zan ɗan tsaya. Yana da gaskiya ta fuska ɗaya: addini da hankali duka sun hana zagin mamaci da tonon asirinsa, kuma wanda ya rasu ba ya nan balle ya kare kansa. Duk abin da zai kunyata mai rai ko ya tayar da tsohuwar husuma, kamar rigimar gona ko bashi ko abin da ya shiga tsakanin miji da mata, ba shi da wuri a littafin da za a raba wa yara. Amma zafin rai ba asiri ba ne, duk wanda ya zauna da shi ya sani, kuma idan kika cire shi jikokin da suka sha faɗansa za su karanta su ce wannan ba kakansu ba ne. Ana iya rubuta cewa yana da saurin fushi idan yaro ya yi wasa da wuƙa ko ya bar ƙofar garke a buɗe, kuma fushin ba ya kwana. Wannan siffa ce, ba zagi ba, kuma tana nuna mutumin da ya san abin da sakaci ke jawowa.

Batun barin gida ya fi wannan nauyi, kuma dalilina ba shi ba ne, kakarki ce. Duk makon da ya yi a daji, akwai wadda ta kwana da yara, ta kula da dabbobi, ta yi jinyar maras lafiya, ta kasa kunne tana jiran motsin dawowarsa ba ta san ko lafiya yake ba. Idan kika share tafiye-tafiyensa don kare martabarsa, kin share aikinta tare da su. Ki je wurin baffa da ladabi, ki ce, "Baffa, ga yadda na rubuta wurin nan, a saurara a gyara mini," ki karanta masa. Yawancin masu hana a rubuta abu suna tsoron yadda za a rubuta shi ne, idan suka ji an faɗe shi da mutunci sai su sauko, wani lokaci har su ƙara miki abin da ba ki sani ba. Kafin a kai wurin bugawa kuma a karanta wa kakarki duka, daga farko har ƙarshe; abin da ta ce a cire, a cire.

Kaset ɗin shi ne mafi tsada a cikin abin da ya bari, domin murya ce abin da zuriya ta fi saurin mantawa. Kada a sa shi a tsohuwar rediyon da za ta iya tauna zaren. A kai wa wanda ke da na'ura mai kyau ya juye shi zuwa kwamfuta a sauraro ɗaya, a ajiye asalin nesa da zafi da laima da maganaɗisu. Hotuna a yi musu sikanin gaba da baya, a rubuta sunayen waɗanda ke ciki da fensir a bayansu tun masu gane su suna raye, kuma kada a manne su cikin leda da zafi, domin wannan ba ya komawa baya. WhatsApp yana rage ingancin hoto idan ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Duk abin da kika tara ki yi masa kwafi uku, ɗaya daga ciki a wani gida dabam.

Littafin kansa ba sai ya yi kauri ba. Ki sa jerin zuriya da sunayen mata a cikinsa, domin su ake yawan tsallakewa, ki sa taswirar nan, ki sa sunan duk wanda ya ba ki labari da ranar da ya bayar.

Tambaya

Malam, ni nawa mahaifin yana raye, ya haura 90, makiyayi ne kuma maharbi a zamaninsa. Ina so in ɗauki tarihinsa, amma da na kunna waya sai ya ce ba shi da wani labari, ya juya kai. Yaya zan yi?

Daga wani ɗa mai fargabar lokaci

Amsa

Ɗan'uwa, kana da abin da mai wasiƙar farko za ta so ta samu, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mutumin da ya yi rayuwarsa a inda magana ke korar abin da ake nema ba ya sabawa da ba da labarin kansa, kuma kalmar tarihi tana sa shi jin kamar abin sarakuna da malamai ake nufi. Amma sha'awar waiwaye tana nan. Likitan ƙwaƙwalwa Robert Butler ya rubuta a 1963 cewa bitar rayuwa da tsofaffi ke yi ba alamar ruɗewa ba ce, abu ne na ɗabi'a da ke taimaka musu su daidaita abin da ya wuce. Abin da Baba ya ƙi shi ne zaman tambayoyi.

Kada ka ce ya ba ka labari, ka ce ya koya maka. Kawo masa igiya ka ce ka manta yadda ake ƙullin da yake yi wa maraƙi, ko ka tambaye shi yadda ake gane saniyar da ta kusa haihuwa, ka yi kuskure a gabansa ya gyara maka; uba ba ya iya kallon ɗansa yana ɓata aiki ya yi shiru. Idan jikinsa zai ɗauka, ka kai shi wurin da ya saba kiwo, ko da a mota ne, ka bar shi ya nuna maka inda ruwa yake a da. Ka gayyato sa'ansa ɗaya su zauna, kai ka koma gefe, domin abin da ba zai gaya wa ɗansa ba zai yi gardamarsa da abokinsa. Ka zaɓi safiya, lokacin da ƙarfinsa ke tare da shi, kada zaman ya wuce abin da zai iya, kuma idan jinsa ya yi rauni ka zauna inda zai ga bakinka. Wayar kuma kada ka ɓoye masa ita. Ka gaya masa sau ɗaya cewa don jikokinsa kake ɗauka, ka ajiye ta a gefe inda ba za ta tsaya tsakaninku ba. Idan ya kai wani wuri ya ce a kashe, ka kashe, kuma abin da ya faɗa bayan nan kada ka rubuta shi sai da yardarsa.